Wasiƙa ga ɗana, kan waƙoƙin nan takwas

Assalamu alaikum, ɗana. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan. Mun gama yankan gero an kai rumbu, dawa ce ta rage, Babanku kullum yana gona sai la'asar.

Waƙoƙin da ka turo wa Auta a waya na saurare su duka, sau biyu, daren Juma'a bayan kowa ya kwanta. Muryarka ta nuna, Allah Ya ƙara basira. Na kuma gane abin da kake son yi da albam ɗin nan. Labari ɗaya ne ka raba gida takwas: ta farko haɗuwa a hanyar Islamiyya, ta uku zance a ƙofar gida, ta shida ranar da dangin wani suka kai kuɗin gaisuwa, ta takwas kana bayan gari ana ɗaura aure. Haka kakarka take ja mana tatsuniya, ta tsaya a daidai inda rai ya rataya, ta ce sai gobe da dare.

Abin da ya hana ni barci shi ne, duk takwas ɗin baki ɗaya ne yake magana, naka. Yarinyar ba ta ce uffan ba daga farko har ƙarshe. A ta shida kuma ka kira ta mayaudariya, ka ce mota ta gani ta bi.

Ni ina gidan ranar da aka sa ta a lalle, kai kana Kano. Na same ta a lungun ɗakin kakarta, bayan ƙofa, hannuwanta a ɗaure cikin leda, ba ta da halin share fuska, hawaye yana gangarowa har wuyan riga. Na san kukan amarya na al'ada, na yi shi ni ma, wannan ba shi ba ne. Ta ɗago ta gan ni, ta sunkuyar da kai, ko gaisuwa ta kasa. Shekararta 16, mahaifinta ya riga ya ba da magana tun kafin a tambaye ta. Ban gaya maka ba a lokacin don ina tsoron abin da za ka aikata. Yanzu da za ka sa ta a waƙa duniya ta ji, dole in faɗa.

Auta ta nuna mini inda ka samo dabarar, wurin mawaƙiyar nan ta Amurka, Taylor Swift, a albam ɗinta Folklore na 2020. Na sa ta buɗo mini baitocin na bi su a hankali, Turancin koyarwar firamare bai gudu duka ba. Waƙoƙi 16 ne, uku daga ciki suna ba da labarin soyayyar yara guda ɗaya, kuma ba a jere suke ba: ta 2, ta 8 da ta 14. Ɗaya daga bakin Betty, bayan shekaru sun ja tana tuna baya. Ɗaya daga bakin yarinyar da ta shiga tsakani, wadda ita ma son gaskiya ta yi. Ta ƙarshe daga bakin James, ɗan shekara 17, ya zo ban haƙuri. Kowa an bar shi ya faɗi nasa, mai sauraro ne yake zama alƙali. Kai rabin dabarar ka ɗauko, ka bar rabin da ya fi wuya.

Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ka nemi mawaƙiya a situdiyoyin nan na Zoo Road, ka ba ta waƙa biyu daga bakin yarinyar. Ɗaya ta biyo bayan ta shida kai tsaye, mai sauraro yana gama jin zarginka ya ji abin da ya faru a cikin gida. Kada ka rubuta mata baitin da kake son ji, na cewa ta yi nadama. Ka tambayi Auta da ƙawayenta yadda yarinya take ji idan an sa mata rana da wanda ba ta zaɓa ba, ka yi shiru ka saurara. Sai kuma mayafin nan shuɗi da ka ambata a waƙar farko ka manta da shi. Baturiyar da rigar sanyi ɗaya ta ɗinke waƙa da waƙa. Ka dawo da mayafin a bakin yarinyar, ka sake dawo da shi a ta ƙarshe.

Magana ta biyu ta fi wannan nauyi. Ka ambaci unguwarsu, ka ambaci tsamiyar ƙofar gidansu, har sana'ar mahaifinta. Duk wanda ya taso tsakanin nan da Ringim zai gane ta. Matar aure ce yanzu da goyo a baya. Ranar da waƙar ta fita, masu cajin waya a kasuwa za su tura wa kowa a memori, ta shiga kunnen mijinta da danginsa, kai kana birni ana tafa maka. Magana zarar bunu ce. Ita wadda kake koyi da ita ƙirƙirar labarin ta yi, ta kuma faɗa da bakinta. Ka sauya garin, ka sare tsamiyar nan daga baitin, ka ba uban wata sana'ar.

Ban kunna wa Babanku ba tukuna, sai ka gyara ka sake turowa. Kafin ka saki komai ka bi ta Hukumar Tace Fina-finai kamar yadda ake yi, kuma aikin dare a situdiyo kada ya cinye maka Asuba. Na ba direban motar kasuwa ƙullin daddawa da kuka, ka tare shi a tasha ranar Laraba. Auta da ƙannenka suna gaishe ka.

Allah Ya yi maka albarka.

Innarka