Godiya ga garejin da ya shirya baburanmu zuwa taron Stella Alpina

Zuwa ga Maigida da yaran gareji,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, muna fatan kuna lafiya, kasuwa kuma tana albarka.

Mu ne mahaya babura 'yan Nijar da Najeriya mazauna Beljiyam da kuka shirya wa babura, kuka kuma raka da motar agaji daga Brussels zuwa taron Stella Alpina a garin Bardonecchia, arewacin Italiya. Godiyar baki mun riga mun yi ta a ƙofar gareji. Wannan ta rubutu mun fito da ita fili ne da gangan, domin 'yan uwa masu niyyar irin wannan tafiya su san aikin da ake yi wa babur kafin a kai shi dutse, su kuma san akwai inda ake yinsa tsakani da Allah.

Ga wanda bai san taron ba, tun shekarun 1960 ake yinsa, ranar Lahadi ta biyu a watan Yuli. Ba tsere ba ne, babu na ɗaya babu na biyu. Ana tashi daga Bardonecchia, mai tsayin kimanin mita 1,300, a nufi mashigar Sommeiller da ke dab da mita 3,000 a kan iyakar Italiya da Faransa. Hanyar wajen kilomita 26 ce. Kwalta tana ƙarewa a wajen ƙauyen Rochemolles, daga nan sai ƙasa da tsakuwa, a wuce madatsar ruwa, a isa masaukin Scarfiotti inda akasarin mutane ke kafa tanti. Daga can ne ake fara kwanoni masu kaifi a gefen magangarar ruwa, duwatsu suna ƙara girma. A shekaru da dama dusar ƙanƙara tana tare hanya kafin a kai ƙarshe, inda ta tare nan kowa ke juyawa.

Abin da kuka fara gaya wa duk wanda ya shigo da babur shi ne hawa ba shi ne abin tsoro ba, saukowa ce. A kan wannan kuka ɗora dukan aikinku, kuma nan kuka sha bamban da garejin da zai canza baƙin mai, ya wanke babur, ya miƙo makulli.

Babu babur ɗin da kuka bari ya fita da tsohon man birki. Wanda ya ce nasa birkin yana ci lafiya, ba ku yi musu da shi ba, kuka zuƙo man a cikin kwalba kuka ɗaga masa a hasken taga: ya yi duhu kamar shayin da ya kwana a buta, sabon kuma a gefe fes. Man birki yana shan danshin iska. Nau'in DOT 4 sabo ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230 ko fiye, amma idan ya sha ruwa yakan tafasa tun wajen digiri 155. A titunan Beljiyam da ba su da tudu, mutum zai shekara bai san da wannan ba. A gangaren Mont Cenis, dutsen da ake haurawa daga Faransa a sauka garin Susa na Italiya, kuwa, ana sauka fiye da mita 1,500 cikin wajen kilomita 30, kwana bayan kwana. Faifan birki ya yi zafi, zafin ya ratsa cikin mai, ruwan da ke ciki ya zama tururi, sai liba ta tafi har jikin kan babur ba tare da ta kama komai ba. Shi ya sa ake canza man duk shekara biyu ko da babur a ajiye yake. Kun kuma ja kunne kada kowa ya sayi DOT 5 a hanya don ya ga lambarsa ta fi girma, domin ba ya haɗuwa da DOT 4. Wanda ke haɗuwa shi ne DOT 5.1.

Takalman birki ma ba da ido kuka duba su ba, kun cire kun auna. Duk wanda namansa ya yi ƙasa da milimita uku kun canza shi, ko da yake a cikin gari zai ƙara kai mutum wasu watanni, saboda ƙurar tsakuwa da laka suna cinye na baya da sauri. Sannan kuka bi da bayanin da ba a biyan kuɗinsa: a sauko da giyar da aka hau da ita, inji ya riƙe babur, a kama birki da ƙarfi kafin kwana a sake shi, kada a ɗora ƙafa a kan na baya ana jansa tun daga sama har ƙasa. Birkin baya ne ke fara tafasa, domin faifansa ƙarami ne kuma iska ba ta samunsa sosai. Idan liba ta fara laushi, a tsaya a bar shi ya huce da kansa. Ba a watsa wa faifai mai zafi ruwan sanyi, yana iya lanƙwasa shi.

Kuloci shi ne na biyu da dutsen ke ci. A kwanonin da ke saman Scarfiotti giya ta ɗaya ake shiga, hannu rabi a kan kuloci, babur da kaya da nauyin mutum. Kun bar wa kowace wayar kuloci wasan milimita biyu zuwa uku a bakin liba, domin idan babu wasa faranti ba sa haɗewa sosai, sai su yi ta sulɓi har su ƙone. Kun ɗaura sabuwar waya a jikin tsohuwar, bakinta a rufe da tef, ta yadda idan ta tsinke a kan dutse ba sai an cire tanki ba, bakin biyu kawai za a sauya. Baƙin mai kuwa mai alamar JASO MA2 kuka zuba, kuka hana a ƙara na mota, tunda a akasarin babura kuloci cikin man inji yake iyo, sinadaran rage gogayya da ke cikin na mota su ke sa shi sulɓi.

Maganar kafireta ta jawo gardama a gareji, kuma mun ga hukuncinku ya fi. A tsayin mita 3,000 iska tana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ƙarfin inji ma haka. Baburan zamani masu kwamfuta suna rage mai da kansu. Tsofaffi masu kafireta kuwa mai yana yi musu yawa, filogi ya yi baƙi, inji ya riƙa tari. Wasu sun so a rage girman jet, wato ƙaramar kafar da mai ke bi a cikin kafireta, tun daga gida. Kuka ƙi, domin akwai kusan kilomita 900 na ƙasa-ƙasa kafin a kai dutsen, kuma injin da mai ya yi masa kaɗan a kan babbar hanya zafi yake yi har ya iya huda fistin. Gara tari na ɗan lokaci a sama. Sai kuka sa sabuwar matatar iska, kuka ba kowa filogi biyu da sifanarsu, kuka nuna yadda ake ɗaga silo kaɗan idan inji ya fara mutuwa a tsaye. Masu lagireto kun gwada musu murfi da fanka. Ruwa yana tafasa a wajen digiri 90 a wannan tsayi, murfin ne ke riƙe matsi ya hana shi, kuma a hawan giya ɗaya babu iskar da ke sanyaya inji sai ta fanka.

A wajen taya kun duba lambobi huɗun da ke gefenta masu nuna mako da shekarar da aka yi ta, ba zanen kawai ba. Kun rubuta wa kowane babur awon iska biyu a kan tef kuka manna a tanki, na kwalta da na tsakuwa. Ga manyan babura, a ma'aunin iska na bar, na kwalta 2.5 gaba da 2.9 baya, na tsakuwa wajen 2.0, kada a yi ƙasa da haka sosai. Wannan ya saɓa da abin da wanda ya saba da rairayi zai yi, inda ake sace iska da yawa. A nan dutse ne mai kaifi. Taya mara iska idan ta daki dutse rim ne ke lotsawa, mai tiyub kuma rim ɗin ya tsinke tiyub ɗin gida biyu. A Rochemolles, da aka dawo kwalta, yaronku yana tsaye da famfo da ma'auni, ba ya barin babur ya wuce sai an mayar masa da iskarsa.

Shi wannan yaron ya cancanci a yaba masa daban. Duk notin da aka ɗaure a gareji ya ja masa layin fenti daga kan notin zuwa jikin ƙarfe. Kowace safiya yana zagaya babura da tocila, idan layin ya goce ya san notin ya motsa, ba sai ya ɗauko sifana ya gwada kowanne ba. Da haka ya kama na mariƙin akwati da na garkuwar ƙasan inji tun ba su faɗi ba. Sarƙa ma da kaya a kan babur da mai shi a zaune yake auna wasanta, domin wadda aka ja daidai babur na wofi takan ɗaure tamau idan an yi lodi, ta ci boris ɗin giya. Batir kuwa duk wanda bai nuna volt 12.6 a kashe ba, ko bai kai wajen 14 inji na aiki ba, an canza shi. Zafi yana raguwa da kimanin digiri shida da rabi a kowace mita dubu, kwana ɗaya a tanti a sama da mita 2,000 ya ishi raunanan batir ya ƙi tashi da asuba, ko a watan Yuli.

Takardu ba aikin bakanike ba ne, amma kun ɗauke shi. Kun tara na kowa a teburi kun duba: lasisi, takardar rajistar babur, inshora, fasfo da katin zama. Mutanenmu da yawa suna ɗauka tunda ƙasashen Schengen ne, wato ƙasashen Turai da suka buɗe iyakokinsu ga juna, katin zama kaɗai ya isa, alhali ana buƙatar fasfo tare da shi, kuma Faransa ta dawo da bincike a kan iyakokinta tun 2015. Kun tuna mana dokar Faransa ta safar hannu mai tambarin CE na ingancin Turai, wadda ta zama dole ga direba da fasinja tun 2016, da riga mai ƙyalli da ake ajiyewa a babur don lokacin lalacewa. Kun ce a cika tanki a Luxembourg inda mai ya fi araha, masu tsofaffin babura su riƙa shan fetur nau'in SP98 maimakon nau'in E10 mai cin roba, kuma kowa ya cika a Bardonecchia domin babu gidan mai a sama.

Tsarin tafiya ma naku ne. A babbar hanya ana jerawa hagu da dama, tazarar daƙiƙa biyu tsakanin mutum da wanda ke gabansa a layi ɗaya. Da an shiga dutse sai a koma layi guda, kowa da gudunsa. A mararraba, wanda ke bin jagora shi ke tsayawa ya nuna hanya, ba ya motsawa sai na ƙarshe ya iso. Da wannan babu mai gudun da ya fi ƙarfinsa don tsoron kada a bar shi. Motar agaji ta bi ramin Fréjus, hanyar ƙarƙashin dutse mai kusan kilomita 13, ta riga kowa isa, da katakon hawa, da igiyoyin ɗauri, da jarkar mai, da libobi, da tiyub, da mahaɗin sarƙa, da ruwan sha da na alwala. Direbanta shi ne ya matsa a hau da sassafe a sauko kafin la'asar, saboda hadarin yamma a wannan kwari ba ya sallama. Mutanen Bardonecchia ba su manta da ambaliyar laka ta watan Agustan 2023 ba.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne inda kuka ƙi kuɗi. Akwai baburan gudu masu ƙafa inci 17, masu salansa a ƙarƙashin ciki, da masu su suka nemi a sa musu taya mai gurzo don su kai ƙarshen dutse. Sayar da tayar riba ce gare ku. Kuka ce ba taya ce matsalar ba, cikin babur ɗin ne ya yi kusa da ƙasa, dutse ɗaya zai fasa tukunyar mai. Kuka ba su shawarar su tsaya a Scarfiotti, kuma haka aka yi. Lissafin kuɗi kun ba da shi a rubuce kafin a taɓa babur, ba a ƙara komai a kai ba sai da aka kira mai shi a waya, sannan kowa ya karɓi tsofaffin kayan da aka cire masa a cikin leda.

Roƙonmu ɗaya ne, Maigida. Garejin yana cika maƙil a watan Yuni, kuma babur ɗin da aka yi wa sabon birki da sabuwar taya yana buƙatar a yi tafiyar kilomita ɗari ko biyu da shi kafin a ɗora masa kaya. Idan za ku buɗe rajistar masu tafiyar dutse tun watan Afrilu, za a samu sararin gwaji, ku ma ku huta da aikin dare. Ga 'yan uwa masu niyyar zuwa baɗi, a kai babur da wuri, a tafi da littafinsa, a kuma faɗa wa Maigida gaskiyar nauyin kayan da za a ɗauka da ko akwai fasinja.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara buɗi, ya sa yaran su gaji hannunku. A gaida iyali.

Wassalam.

'Yan uwanku mahaya babura,
mazauna Beljiyam