Edita, allura fa ta san mace

Assalamu alaikum Edita, barka da aiki, a gaishe min da duk ma'aikatan gidan.

Na saurari shirinku na lafiya da kuka yi kan haƙƙin mara lafiya, ya yi kyau wallahi, amma akwai inda ya tsaya min a rai. Da wani baƙo ya ce har mujalla guda ake bugawa kan yadda masu rajin haƙƙin mata ke kallon ɗa'ar aikin likita, sai na ji an kwashe da dariya a situdiyo, wani har yana cewa wai ita allura ta san mace ta san namiji ne. To ni nas ce, na daɗe a ɗakin haihuwa, shi ya sa na kasa haɗiye maganar.

Mujallar dai akwai ta, sunanta International Journal of Feminist Approaches to Bioethics, ana ce mata IJFAB, ta fara fitowa a 2008, sau biyu a shekara, yanzu maɗaba'ar Jami'ar Toronto a Kanada ke buga ta. Ƙungiyar da ta haife ta kuwa tun 1992 take, su Anne Donchin da Helen Holmes suka kafa ta. Ba taron zagin maza ba ne, malaman falsafa ne da likitoci da lauyoyi, har da maza a cikin masu rubutun.

Shi kuma mai maganar allura, ga amsarsa. Akwai maganin barci zolpidem, an kai shekara 20 ana ba mace da namiji awo ɗaya, sai a 2013 hukumar magunguna ta Amurka ta ce a rage na mata daga miligiram 10 zuwa 5, saboda jikin mace ya fi jinkirin fitar da shi, gari zai waye tana tuƙi ko tana aiki maganin bai sake ta ba. Kuma wannan sakacin yana da asali. Bayan masifar thalidomide, wanda aka riƙa ba masu ciki don laulayi daga 1957 zuwa 1961 aka haifi jarirai sama da 10,000 da nakasa, tsoro ya kama kowa, a 1977 ita wannan hukumar ta ce a daina sa matan da za su iya ɗaukar ciki a matakan farko na gwajin magani. Da sunan kare su ne fa, amma abin da ya haifar shi ne a gwada a jikin namiji a rubuta wa mace, sai 1993 aka janye ƙa'idar. Wani babban bincike na asfirin da bugun zuciya a shekarun 1980, a jikin likitoci sama da 22,000 aka gwada maganin, ko mace ɗaya babu. Ko lokacin korona ma gwajin farko na rigakafin ba a sa masu ciki ba, mu kuma su ke tsare mu da tambaya, sista in yi ko kar in yi, mu yi ta kame-kame.

Wanda ya fi ci min rai shi ne tarihin aikin yoyon fitsari. J. Marion Sims da ake kira uban likitancin mata, a jikin bayi mata ya koyi aikin a Alabama a shekarun 1840, ba maganin kashe zafi, ɗayarsu Anarcha kusan sau 30 ya yi mata tiyata, kuma izinin iyayengijinsu ya nema ba nasu ba. Sai 2018 aka sauke mutum-mutuminsa a New York. A makaranta sunan ƙarfensa na duba mata kawai aka koya min, nata sunan kuwa sai da na tsufa a aiki na ji shi.

Ba sai an je tarihi ba ma. Ni da hannuna na taɓa miƙa wa mace takardar amincewa da tiyata tana tsakiyar naƙuda, gumi ya jiƙa mata wuya, ta riƙe ƙarfen gado, likita kuma ya juya mata baya yana yi wa 'yan rakiyarta bayani, na nuna mata layi na ce sa hannu nan, ta ja wani karkataccen zane ko kallon takardar ba ta yi ba. A fayil an rubuta ta amince. Kwana biyu bayan nan ina canza mata bandeji take tambayata a hankali, wai me aka cire mata ne. Irin wannan suke tonowa a mujallar, cewa sa hannu daban yarda daban, kuma mutum ba shi kaɗai yake yanke shawara ba, akwai wanda zai biya, akwai wanda take jin nauyi, akwai yaran da ta bari ba mai kula.

Ba komai nasu nake bi ba gaskiya, akwai batutuwan da ni da su hannun riga, kuma Turancinsu nauyi gare shi kamar dutse, wani shafin sai na karanta sau uku, matan da ake magana a kansu ba za su taɓa ganinsa ba. Nan ne aikinku yake Edita. Ku sake shirin don Allah, ku zo da likitar mata da ungozoma, a tambaye su da Hausa magungunan da ake ba mai ciki da mai shayarwa a jikin wa aka gwada su, kuma wa ya kamata a fara yi wa bayani kafin a shiga tiyata. Shi ma mai dariyar ku gayyato shi, ina da sauran tambayoyi gare shi.

Taku,
wata nas mai sauraronku kullum