Kafin Ka Sayi Linzamin Wasa, Auna Hannunka Tukuna

Ya mai girma Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku mai farin jini domin in ja hankalin matasanmu masu buga wasannin harbi a kwamfuta, irin su Valorant da Counter-Strike 2. Da yawansu kan ga masu gwajin kaya a YouTube sun yabi wani linzamin kwamfuta, wato maus, sai su tara kuɗi su saya, ba a yi wata ba wuyan hannu ya fara ciwo. Mai gwajin bai yi ƙarya ba, amma da hannunsa ya gwada, a kan tasa kwamfutar.

Lambar da aka fi kwarzantawa a jikin kwali ita ce DPI, wato ma'aunin nisan da kibiyar allo ke tafiya idan ka motsa linzami. Logitech G502 Hero yana kaiwa 25,600, alhali galibin ƙwararrun 'yan wasan harbi tsakanin 400 da 1,600 suke saitawa. In ka kai shi ƙarshe, da ka ɗan motsa hannu kibiyar ta tsallake allo. Haka ma yawan saƙon da linzami ke aika wa kwamfuta a daƙiƙa ɗaya. Sau 1,000 ya wadatar. Razer Viper V3 Pro na iya yin 8,000, to amma in allonka sau 60 kacal yake sauya hoto a daƙiƙa, idonka ba zai ga bambancin ba. Abin da za ka gani shi ne batir na saurin ƙarewa, kuma in kwamfutar ta kwana biyu, wasan ya riƙa sarƙewa.

Abin da ya fi muhimmanci yana jikinka. Ɗauki awon tela ka auna daga layin wuyan hannu zuwa ƙarshen yatsan tsakiya. Ƙasa da santimita 17 ƙaramin hannu ne, sama da 19 babba. Sannan lura da yadda kake riƙo. Mai kwantar da tafin hannu gaba ɗaya yana buƙatar linzami mai doro irin Razer DeathAdder, wanda kuma galibinsa na hannun dama ne, bahago ya kiyaye. Mai riƙo da ƙarshen yatsu kuwa gajere marar nauyi ya fi masa. G Pro X Superlight giram 63 ne, G502 Hero giram 121, kusan ninki biyu. Wanda ke zazzaga hannu daga gwiwa na awa uku zai ji wannan bambancin a kafaɗarsa. Amma mai wasannin dabarun yaƙi da ke buƙatar maɓallai da yawa, nauyin ba zai dame shi ba.

Masu gwaji kuma sau da yawa kwanaki kaɗan suke yi da kaya, ba sa ganin abin da ke biyo baya. Ɗan ƙarfen da ke ƙarƙashin maɓalli yakan gaji, ka danna sau ɗaya ya danna biyu; linzami mai maɓallin da ke aiki da haske maimakon ƙarfe ba ya wannan cutar, don haka tambaya kafin ka biya. Ƙurar hunturu kuma tana shiga ƙafar gungurawa, ka gungura ƙasa shafi ya yi tsalle sama. Rufe shi da ƙyalle in ka gama.

In marar waya ne, kada ka yi wasan harbi da Bluetooth, yana da jinkiri. Yi amfani da ɗan abin da ake soka wa USB, kuma ka nesanta shi da ramin USB 3.0 mai launin shuɗi, domin yana dagula masa sigina. Ja shi da wayar ƙari zuwa kusa da linzamin.

Jabu kuma sun yi yawa a kasuwa. Tafi shago da laftof mai manhajar kamfanin da ya ƙera linzamin, wato G Hub ta Logitech ko Razer Synapse, ka jona a gaban mai kaya. In manhajar ba ta gane shi ba, mayar masa da abinsa.

Naku,
Wani mai gyaran kwamfuta, Kano.