Rahoton Ayyukan Ƙungiyarmu na Shekarar 2022

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna birnin Sidni na Ostireliya da kewaye, ga bayanin abin da muka yi bana.

Kun san dai tun gobarar dajin 2019 zuwa 2020 muka sa hannu a harkar namun daji, wutar da ƙungiyar kare namun daji ta duniya, WWF, ta ce ta shafi dabbobi kusan biliyan 3, kowala, dabbar nan mai zama a kan bishiya, kaɗai sun haura 60,000, kuma a watan Fabrairun bana gwamnatin Ostireliya ta sa kowala cikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa a jihohin New South Wales da Queensland da yankin babban birni.

Babban aikinmu bana dashen bishiyar turare ne, irin dai wadda muka sani a gida, ganyenta shi ne abincin kowala. Wasu sun yi ta tambaya me ya sa muka nace a kai tunda wuta ta mutu. To shi kowala in ya ga wuta ba gudu yake ba, sama yake ƙara hawa ya dunƙule, ga ganyen turaren nan da mai yana ci kamar an zuba kananzir, wanda ya tsira kuma in ya zo saukowa kututture da zafi sai tafin hannunsa ya ƙone, daga nan ba ya iya hawa bare ya ci abinci. Bayan wuta sai yunwa, ga yanyawa da magen daji suna farautar ƙananan dabbobi tunda babu sauran maɓoya. Bishiya kuwa sai ta yi shekaru kafin ta ɗauki kowala.

Da muka je asibitin kowala na Port Macquarie an ja mana kunne, kar a ɗura wa kowala ruwa da gora don yana iya shiga huhunsa, a zuba a kwano a ajiye masa ya lasa da kansa. Don Allah ku gaya wa yara.

Iyayenmu mata sun ɗinka jakunkunan auduga na marayun kangaru da ƙaramin ɗan uwansa walabi, Allah ya saka da alheri.

Ambaliyar ruwa ta hana mu fita sau da dama, wasu dashen sun ruɓe, sai mun sake. Kuma ruwan nan ya sa ciyawa ta yi yawa, in ta bushe ita wuta za ta ci, shi ya sa baɗi muke so matasa su fito sosai, bana gaskiya sun yi ƙaranci kuma abin ya dame ni. Masu bashin kuɗin wata su ga ma'aji kafin taron Janairu.