Masu haɗa sinadarai a gida, a raba kwalba da harshen wuta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida domin in ja hankalin 'ya'yanmu da ƙannenmu da suka mai da zaure ko kicin ɗakin gwaji. Abin ya yawaita yanzu: ga masu haɗa turare, ga masu tatsar man ganyaye, ga ɗalibai masu shirin WAEC da NECO da ke son gwada abin da aka koya musu a allo. Na yi aikin kula da ɗakin gwaje-gwaje a makarantar sakandare har na yi ritaya, don haka wannan himma tana faranta mini rai. Yadda ake dumama kwalba ne ke tayar mini da hankali.

Kwanan baya yaron maƙwabcina ya kira ni in ga aikinsa. Na tarar ya zuba sifirit a kwalbar gwaji, ya tsoma ta cikin kaskon man gyaɗa da aka rage daga suyar ƙosai, ya ɗora a kan gas, taga a rufe saboda ƙura. Man har ya fara hayaƙi. Na ce, "Kai yaro, kashe wutar nan tukuna, sannan mu gaisa."

Kafin a kunna komai, mutum ya san a digiri nawa abin da ke cikin kwalbar yake tafasa. Sifirit, wato itanol, yana tafasa a digiri 78 na ma'aunin Celsius, asiton kuwa, wato ruwan da ake goge fentin farce da shi, a 56. Ruwa ba ya wuce digiri 100, a nan Zariya ma ba ya kaiwa cif saboda tudu, a Jos kuwa kusan 96 yake tsayawa. To me ya kai mutum ga mai? Ruwan zafi a tukunya ya isa a tsoma kwalbar a ciki, ba ya kamawa da wuta, kuma ko an yi sakaci zafinsa ba zai zarce ba muddin bai ƙone ba. Sai dai ruwan ba ya hana tururin sifirit kamawa. Tururin ya fi iska nauyi, yana bin saman tebur yana rarrafe har ya iske wuta, kuma ko a sanyin hunturu zai kama, domin daga digiri 13 yake fara ba da tururi mai ci. Saboda haka a tafasa ruwan a waje, a kashe gas ko risho, sannan a kawo tukunyar, ko a yi amfani da rishon lantarki, taga kuma a buɗe.

Idan aiki ya buƙaci fiye da digiri 100, nan ne ake zancen mai, kuma nan ne na fi tsoro. A ɗakin gwaji man silikon ake amfani da shi, yana jure har wajen digiri 200, da ma'aunin zafi a tsome a ciki ana dubawa. Man gyaɗa in ya sha wuta sau da yawa yana yin baƙi da danƙo, yana saurin hayaƙi, hayaƙin nan kuwa gargaɗi ne. Babban abokin gabansa ruwa. Ɗigo ɗaya in ya nutse a mai mai zafi, zai zama tururi ya kumbura kusan ninki 1,700, ya watso man a fuska. Duk wadda ta taɓa jefa jiƙaƙƙen kifi a kasko ta san zancen. Yanzu a ƙaddara kwalba ce guda ta tsage a ciki.

Ni in an tambaye ni, yashi zan zaɓa wa mai aiki a gida. A samo na rafi, a wanke, a tankaɗe, a shanya ya bushe ƙarau, a zuba a kwanon ƙarfe, a dasa kwalbar a ciki. Ba ya ci, ba ya fantsama. Aibinsa jinkiri: yana daɗewa bai yi zafi ba, yana daɗewa bai huce ba, kuma na ƙasa ya fi na sama zafi, don haka ma'aunin zafin ya tsaya dab da gindin kwalbar.

Ita kanta kwalbar ta zama ta gilashin borosiliket mai jure zafi, irin su Duran, ba kwalbar lemo ba, a kuma ɗaga ta a haske a duba tsaga. A ɗaure wuyanta a jikin ƙarfe yadda gindinta ba zai taɓa ƙasan tukunya ba. A jefa 'yan gutsattsarin tangaran tun ruwan cikinta yana da sanyi, don kada ya tafasa da tsalle. Kada a toshe bakinta gam a ɗora a wuta, fashewa za ta yi.

Sai matsalarmu ta kullum: an ɗauke wuta, mutum ya fita bai zare soket ba, a kawo ta da tsakar dare mai yana kan risho. A zare tun kafin a nemi tocila. In kuwa mai ya kama, Allah ya kiyaye, kada a kusance shi da ruwa. A kashe wutar ƙasa, a kifa murfin ƙarfe, bokitin busasshen yashi kuma ya kasance a bakin ƙofa tun kafin a fara.

Naku,
Tsohon ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje,
Zariya