Shirun hukuma ne yake ciyar da jita-jita

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in tofa albarkacin bakina kan wata magana da ake yawan yi a kafafen yaɗa labarai, wai talakan Arewa ya cika yarda da jita-jita, kome hukuma ta kawo sai ya ce akwai lauje cikin naɗi. Da zarar an zo yin rigakafi ko ƙidaya ko wata rajista, sai masu sharhi su ce jahilci ne ke damun mutane, a je a wayar musu da kai. Ni malamin makaranta ne a nan Jos, kuma da waɗannan mutanen nake zama, a masallaci da majalisa da teburin mai shayi. Abin da na lura da shi, ba su manta abin da aka yi musu ba, kuma ba a taɓa zaunar da su an yi musu bayani ba.

A 1996 annobar sanƙarau ta afka wa Arewa, dubban mutane suka rasu. Ana cikin wannan tashin hankali kamfanin Pfizer ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano ya gwada sabon magani mai suna Trovan. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, 11 suka mutu, wasu suka tashi da naƙasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi musu illa. Iyayen kuwa suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi da 'ya'yansu. Ba daga bakin hukumomin ƙasar nan aka ji labarin ba, sai da wata jaridar Amurka ta tono shi a shekarar 2000. Aka yi ta shari'a har 2009, kamfanin ya sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75 ba tare da ya amsa laifi ba.

To, shekara bakwai bayan wannan gwaji aka zo wa mutanen nan da ɗigon rigakafin shan inna, aka ce su buɗe bakin jariransu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Maganar da ta bazu a 2003, cewa an zuba maganin hana haihuwa a cikin ɗigon, ƙarya ce, kuma mun biya ta da tsada. Kano ta dakatar da rigakafin kusan shekara guda, cutar ta tsallaka ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita, yara suka shanye, ga su nan muna gani sun girma a kan kekunan guragu. A Fabrairun 2013 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan rigakafi tara a Kano, akasarinsu mata. Amma tambayar da iyaye suke yi a ƙofar gida ba ta jahilai ba ce. Cewa suke: “Maganin zazzaɓin da yake kashe mana yara kullum sai mun saya, asibitin unguwa babu ko auduga, amma wannan ɗigon ana bin mu da shi har ɗaka, kyauta. Me ya sa?” Akwai amsa mai kyau. Shan inna cuta ce da za a iya kawar da ita daga duniya baki ɗaya idan kowane yaro ya samu, shi ya sa masu ba da tallafi suka zuba kuɗi a kanta. Mutum nawa aka tsaya aka gaya wa haka? Galibi dai an turo yarinya da akwatin ƙanƙara da alli, ta shafa wa ɗan yatsan yaro tawada, ta yi rubutu a bango ta wuce.

Mu a Jos ba ma sai mun je Kano ba. Babbar kasuwar Taminus ta ƙone a Fabrairun 2002, har yau kangonta yana tsaye a tsakiyar gari, kuma ba a fito an ce ga wanda ya cinna wutar an hukunta shi ba. Je ka Unguwar Rogo ka tambaya, za a faɗa maka wanda ya ƙone ta. Ka tsallaka wata unguwar, za a faɗa maka wani daban, kowa kuma da rantsuwa. Bayan rikicin 1994 an kafa kwamitin Mai Shari'a Fiberesima. Bayan na Satumban 2001 aka kafa na Mai Shari'a Niki Tobi, wanda rahotonsa ya yi shekaru a kulle. Bayan na Nuwamban 2008 aka kafa na Bola Ajibola. Mutanen da aka kashe wa 'ya'ya sun je sun tsaya gaban waɗannan kwamitoci, sun yi kuka, sun ambaci sunaye. Daga nan shiru. Idan hukuma ba ta faɗi abin da ya faru ba, kowace unguwa sai ta rubuta nata tarihin, yara su taso da shi, kuma da wannan tarihin ake fitowa a rikici na gaba. Wannan abu yana ci mini rai, domin ina jin sa a bakin ɗalibaina waɗanda ko haihuwarsu ba a yi ba a 2001.

Sai lokacin kullen korona. Mutane suna cewa an kawo kayan tallafi an ɓoye, ana ce musu shaci-faɗi ne. A Oktoban 2020 aka fasa rumbun ajiya a Bukuru. Duk wanda ya ga wannan rana ba zai manta ba: samari sun hau rufin suna ɓamɓare kwano, ana jeho buhunan hatsi ƙasa, tsofaffin mata da buhu a ka, Keke Napep an loda ta har ba a ganin direba. Ban goyi bayan wawaso ba, an tattake mutane, an ɓarnata abinci mai yawa. Hukumomi a jihohi da dama sun ce dama ana shirin rabawa ne. Ko da hakan gaskiya ne, an bar mai yunwa wata da watanni ba a gaya masa akwai abinci ba balle ranar rabo. Tun daga ranar, in ka ce wa mutumin Jos wani labari ƙarya ne, sai ya ce maka, “Haka kuka ce lokacin kayan korona.”

Haka rashin lafiyar shugabanni. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya tafi Saudiyya a Nuwamban 2009, ƙasa ta yi watanni ba a san halin da yake ciki ba, aka dawo da shi cikin dare. Marigayi Muhammadu Buhari ya yi sama da kwana 100 a Landan a 2017 ba a faɗi ciwonsa ba. Cikin wannan duhun aka ƙirƙiro tatsuniyar Jibrin ɗan Sudan, wai Buhari ya rasu an maye gurbinsa da wani mai kama da shi, har sai da shugaban ƙasa da kansa ya tsaya a ƙasar Folan a 2018 yana cewa shi ne dai Buharin.

Ba ina wanke masu yaɗa ƙarya ba ne. Akwai ɗan siyasar da yake cin riba da ita, akwai mai neman mabiya a Facebook da TikTok, akwai kuma mu da muke tura saƙon murya a WhatsApp ba mu san wanda ya naɗe shi ba, don kawai ya dace da abin da ke ranmu. A Agustan 2014 an tashe mu da asuba da kiran waya wai a yi wanka da ruwan gishiri a sha saboda Ebola, aka kwantar da mutane a asibiti a nan Filato, har da rahoton rasa rai. A rikicin Yunin 2018 an yaɗa hotunan gawarwaki da ba a ƙasar nan ma aka ɗauke su ba, aka tare hanya aka kashe matafiyan da ba su ji ba ba su gani ba. Talakan da aka yaudara shi ne kuma yake kwana a ciki.

Amma mun ga yadda ake dawo da yarda. A 2004 Kano ta samo rigakafin shan inna daga Indunusiya, aka ɗiga wa 'yar gwamna Malam Ibrahim Shekarau a bainar jama'a. Daga baya Sarkin Musulmi da sarakuna da hakimai da masu unguwanni suka shigo, guragun da cutar ta naƙasa suka riƙa bin gida-gida suna magana da iyaye. A Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Mutanen da aka ce ba sa jin kira su ne suka miƙo yaransu, da suka ga na gaba ya fara da ɗansa.

Saboda haka, Malam Edita, roƙona gare ku biyu ne. Idan kun zo ƙaryata labari, kada ku tsaya a “wannan ba gaskiya ba ne”. Ku faɗa mana inda hoton ya fito, da wanda ya fara yaɗa shi, da ɗan ɓangaren gaskiyar da aka gina ƙaryar a kansa, cikin Hausar da kakata za ta gane. Sannan ku riƙa komawa kan tsoffin alkawura. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa wanda ya nemi bayani a rubuce. Ku yi amfani da ita ku nemo mana rahotannin rikicin Jos, ku fassara, ku buga su kashi-kashi, ku kuma tambayi gwamnatin Filato shawara nawa daga ciki aka aiwatar.

Na gode da wannan dama. Allah Ya ba mu zaman lafiya.

Naku,
Wani malamin makaranta,
Jos ta Arewa, Jihar Filato.