Takardar Koke Ga Mai Martaba Sarkin Zazzau Kan Adana Ayyukan Marigayi Samanja Mazan Fama

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Zazzau,
Malam Ahmed Nuhu Bamalli,
Fadar Zazzau, Zariya.

Ta hannun hakimanmu na cikin garin Kaduna.

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nasara.

Bayan gaisuwa da biyayya, mu talakawanka ne mazauna Kawo da Unguwar Shanu da Kabala da Tudun Wada. A cikinmu akwai tsofaffin sojoji, da matan da mazajensu suka rasu suna sanye da kaki, da waɗanda suka yi ritaya daga aikin rediyo, da malaman makaranta, da matasa 'yan wasan kwaikwayo. Abin da ya tara mu shi ne maganar marigayi Alhaji Usman Baba Pategi, wanda duk Arewa ta sani da Samanja Mazan Fama. Allah ya yi masa rasuwa a Kaduna ranar Lahadi, 12 ga Nuwamba, 2023, bayan doguwar jinya. Allah ya jiƙansa da rahama.

Ranka ya daɗe, wannan bawan Allah Banufe ne, ɗan gidan sarautar Pategi ta Jihar Kwara. Da ya so, da ya zauna a gida ana faɗuwa ana gaishe shi. Sai ya taho Kaduna yana saurayi, ya kama aiki a gidan rediyo, ya shiga soja a zamanin yaƙin basasar 1967 zuwa 1970, sannan ya kwaso abin da idonsa ya gani a bariki ya mayar da shi wasa. Aka fara jin sa a Rediyon Kaduna, daga baya aka gan shi a talabijin ta NTA Kaduna, wasunmu kuma sun kalle shi ido da ido a dandali, inda babu damar a yanke a sake.

Yaran yanzu ba za su gane nauyin abin da ya yi ba sai an ba su labari. A wancan lokaci farar hula in ya hango soja, sauya hanya yake yi. Samanja ne ya buɗe mana ƙofar bariki muka leƙa. Muka ga ashe mutumin nan da ke daka wa kurata tsawa a filin fareti, in ya koma gida shi ma rigimar cefane na jiransa, da bashi, da ƙorafin maƙwabta. Muka yi dariya, tsoro ya ragu. Tsofaffin sojojin da ke cikinmu sun ce su kansu a wasan suka riƙa ganin halayensu, kofur ya gane kansa, saje ya gane kansa, wani ma ya gyara.

Ga kuma harshen. Hausar bariki yake yi, wadda "ya" da "ta" ke musayar wuri a cikinta, Turancin buroka na kutsowa ta tsakiya. Da ita Bahaushe da Tibi da Bayarabe da Bachama suka fahimci juna a rundunar soja shekara da shekaru. Ba mu san wanda ya riƙe ta a baki da gwaninta irin tasa ba, kuma masu yin ta yadda ake yi a da suna ta ƙarewa.

A nan kukanmu yake. Wani dattijo a cikinmu yana da kaset bakwai da ya ɗauka da kansa daga rediyo, yana ɓoyonsu a ƙasan adaka tamkar takardun gida. Da muka fara wannan shawara ya ɗauko su don mu saurara. Uku sun yi fumfuna saboda laimar damina. Ɗaya muna sakawa zaren ya naɗe, muka sa biro muna juyawa a hankali, ya tsinke a hannunmu. Dattijon nan bai ce komai ba, ya mayar da sauran cikin adaka ya rufe. Abin da ake samu a intanet kuwa gutsattsari ne, hoto dishi-dishi, wani ba farko, wani ba ƙarshe. Zaren kaset ba ya jiran kowa, zafi da ƙura da laima cin sa suke yi kullum.

Don haka muke roƙon Sarki, a matsayinsa na uban ƙasa, ya sa baki. Kalma ɗaya daga fada ta fi wasiƙunmu ɗari. Muna fata a kira shugabannin Rediyon Tarayya na Kaduna da na NTA Kaduna, da iyalan marigayin, da malaman sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, a zauna a binciko abin da ya rage a ɗakunan ajiya, a juye shi a kwamfuta tun yana juyuwa. A yi shela a masallatai da coci-coci da barikoki cewa duk mai tsohon kaset ya kawo aro, a kwafa a mayar masa da abinsa. A ajiye kwafi a Gidan Arewa da ke Kaduna, inda ɗalibi zai je ya saurara, tare da kiyaye haƙƙin iyalansa a kan duk abin da aka samu. In an tashi aikin, muna roƙon a haɗa da na marigayi Ƙasimu Yero, ɗan wasan kwaikwayo ɗan Zariya, wanda ya rasu a 2017, don kaset ɗinsa ma shekarunsu ɗaya da waɗannan.

Sanya wa titi suna hurumin ƙaramar hukuma ne, mun sani. Muna roƙon Sarki ya yi mana jagora wurin shugabanninta a sa sunan Usman Baba Pategi a wani titi cikin garin da ya yi wa hidima.

Akwai kuma abokan wasansa da suka rage, maza da mata, tsufa ya kama su. Su ne suka san yadda ake shirya wasan da wanda ya fito a matsayin wa. Matasanmu sun yarda su bi su gida-gida su ɗauki hirarsu kyauta, takardar gabatarwa daga fada kawai suke nema don a karɓe su. Dattijon nan ma ya ce ragowar kaset uku da ke adakarsa, duk ranar da Sarki ya ba da umarni, da hannunsa zai kawo su Zariya.

Allah ya taimaki Sarki, ya ƙara wa masarautar Zazzau albarka.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Mazauna unguwannin Kaduna da muka sa hannu a takardar da ke haɗe.